Keke mara feda ga ɗan shekara biyu: a auna ƙafarsa kafin a tafi kasuwa

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Ɗanta yana da shekara biyu da wata uku, ƙafarsa ta yi ƙwari, kuma duk keken da ya gani sai ya je ya riƙe. Ta ga ɗan ƙaramin keken nan da ba shi da feda, wanda yaro ke zama a kai yana tunkuɗa ƙasa da ƙafafunsa, ya kwanta mata a rai. Maigidanta kuwa ya ce keke ba feda asarar kuɗi ne, gara a sayi mai feda da ƙananan tayoyin gefe, a kuma ɗauki babba yadda yaron zai girma da shi. Tana so ta san wanne ya fi, kuma in mara fedar za a saya, me za ta duba.

Hajiya, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Na daɗe ina sayar da kekuna ina kuma gyara su, na manya da na yara, kuma a kan 'ya'yana na fara gwada irin wannan keken kafin na soma ba kowa shawara a kansa. Ga ɗan shekara biyu mara fedar ya fi, nesa ba kusa ba. Amma da sharaɗi guda: ya zama daidai jikinsa na yau, ba na baɗi ba. In aka sayo wanda ya fi ƙarfinsa, maganar maigida ce za ta tabbata, kuɗi su tafi, keke ya koma bayan ɗaki yana shan ƙura.

Abu biyu ne a cikin hawan keke, murza feda da daidaita jiki kada a faɗi. Mutane sun ɗauka fedar ce aikin, alhali ita yaro kan kama ta a yini guda. Daidaita jikin ne mai wuya. Keke mai taya biyu ba ya tsayuwa da kansa, kullum cikin shirin faɗuwa yake, ko dama ko hagu. Abin da mahayi ke yi ba tare da ya sani ba shi ne, in keken ya karkata dama sai ya ɗan juya kan keken dama, tayoyin su dawo ƙarƙashinsa, in ya karkata hagu ya ɗan juya hagu, haka dai ba ƙaƙƙautawa har ya sauka. Ba wanda zai iya faɗa wa yaro wannan da baki. Sai jikinsa ya ji keken yana karkata ya kuma ji yadda ake tare shi, sau ɗari, sau dubu. Keke mara feda wannan darasin kaɗai yake koyarwa, kuma yana koyar da shi ne ƙafafun yaro na ƙasa. Da ya ji zai faɗi sai ya taka.

Tayoyin gefe kuwa hana keken karkata suke yi, wato sun ɗauke ainihin abin da ake so a koya. Kullum ana kawo min irinsu gyara, kuma kusan duk wanda na ɗaga sai na ga tayar gefe ɗaya ta cinye, ƙarfenta ya lanƙwashe, ɗayar kuwa kamar sabuwa. Yaron ya yi shekara yana tafiya a jingine ɓangare guda. In zai sha kwana, maimakon ya kwanta ciki kamar yadda mai keke ke yi, sai nauyinsa ya tafi waje ya hau kan tayar gefen, in da ɗan gudu ma ya kife. Sannan a irin ƙasarmu mai kwazazzabai, sau nawa kika ga tayoyin gefe sun hau tudu biyu, babbar tayar baya ta rataye a tsakani, yaro yana ta murza feda tana juyawa a iska, har ya fashe da kuka? Ranar da aka cire tayoyin nan sabon karatu zai fara, ga shi yanzu ya fi nisa da ƙasa, ga shi ya san tsoro.

Ba na ganin laifin maigida. Duk mu a kan keken haya muka koya, ko keken baba, mu zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda muna tuƙi a karkace, gwiwoyinmu har yau da tabo. Wanda ya tashi a haka in ya ga keke ba feda ba sarƙa, dole ya ga kamar an sayar masa da rabin kaya. Amma ki gaya masa keken farko a duniya haka yake. Wani Bajamushe, Karl von Drais, shi ya ƙera shi da katako a 1817, ya hau shi a garin Mannheim yana tunkuɗa ƙasa da ƙafa, kuma sai a shekarun 1860 aka maƙala wa keke feda a Faransa. Na yara irin na yanzu ya sake fitowa ne daga Jamus a 1997 da sunan LikeaBike, sannan kamfanin Strider na Amurka, wanda aka kafa a 2007, ya baza shi duniya. Akwai kuma wani bincike da aka yi a Fotugal aka wallafa a 2022, inda aka tambayi mutane yadda suka koyi keke su da 'ya'yansu. Waɗanda suka fara da mara feda sun iya hawa su kaɗai suna wajen shekara huɗu, masu tayoyin gefe kuwa sai wajen shekara shida. Tambayar mutane aka yi, ba gwaji aka shirya ba, amma ya yi daidai da abin da nake gani a ƙofar shagona.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kada ki sayi keken nan da shekaru. Za ki ga an rubuta a kwali wai daga shekara 2 zuwa 6, wannan rubutun talla ne. Kada kuma ki saye shi da girman taya kaɗai. In an ce inci 12, faɗin tayar ake nufi, kuma keke biyu masu taya inci 12 sukan bambanta ƙwarai a tsayin sirdi. Awo ɗaya ne ke yanke hukunci: tsayin sirdi daga ƙasa in an sauke shi iyakar sauka, a gwada shi da tsayin ƙafar yaron ta ciki.

Ga yadda za ki auna. Ki sa masa takalmin da zai riƙa hawa da shi, da famfas ɗinsa in har yanzu yana sawa, don shi ma yana cin wuri. Ki tsayar da shi ya jingina da bango, ƙafafu a ɗan buɗe. Ki ɗauki littafi mai kauri ki sa a tsakanin ƙafafunsa, ki ɗaga a hankali har ya taɓa hantsar wandonsa kamar yana zaune a sirdi. Sai ki auna daga saman littafin zuwa ƙasa da tef ɗin tela. Ki lura, tef ɗin fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya, telolinmu da inci suke aiki, masu keke kuma galibi santimita suke rubutawa. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya. Yawancin 'yan shekara biyu awon nan kan faɗa tsakanin santimita 30 da 35. Abin da kika samu, ki cire santimita 2 ko 3. Sirdin keken da za ki saya dole ya iya sauka zuwa nan, ko ƙasa da haka. In ƙafar ɗanki santimita 33 ce, kina neman sirdin da ke sauka zuwa 30 ko 31. Na sha auna kekunan da ake kawowa kasuwa na ga sirdinsu bai sauka ƙasa da 37 ko 38 ba, kuma a jikin kwalin an zana jariri yana murmushi. Irin wannan na ɗan shekara uku da rabi ne ko huɗu. Sirdin Strider mai taya inci 12 yana farawa ne daga santimita 28, ƙaramin Puky na Jamus kuma daga wajen 30, shi ya sa ƙananan yara ke jin daɗinsu.

Me ya sa sai an cire waɗannan santimita? Domin a keke mai feda yatsun ƙafa kaɗai ke taɓa ƙasa in an tsaya, amma a wannan ƙafar ce injin, ita ce kuma birki. In yaro ya zauna, tafin ƙafarsa duka biyu su kwanta a ƙasa har diddige, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, yadda zai sami abin tunkuɗawa. In yana ɗage da yatsu, ba zai yarda da keken ba, zai gwada sau biyu ya watsar. In kuma sirdin ya yi ƙasa da yawa, gwiwoyinsa za su tashi sama kamar mai zaune a kujerar tsugunno, ya gaji nan da nan, amma wannan mai sauƙin gyara ne, sai a ɗaga. Wanda ya yi tsawo ne ba shi da magani sai jira. Mun saba saya wa yara riga da takalmi da ɗan girma don su daɗe, kuma a riga ba laifi, ana naɗe hannu. Keke ba a naɗe shi. Inda za ki nemi daɗewa shi ne a tsawon sandar sirdi, a ce yana iya ɗaguwa santimita goma ko fiye, kan keken ma yana ɗaguwa. Irin wannan zai kai shi shekara huɗu.

Abu na biyu nauyi. Ɗan shekara biyu nauyinsa wajen kilo 12 ne. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kada keken ya wuce kashi 30 cikin ɗari na nauyin yaro, wato kilo uku zuwa uku da rabi, in ya yi yawa huɗu. Kilo uku nauyin ledar fiyawata shida ne, ki riƙe wannan a ranki in kin ɗaga keke a shago. Ƙaramin keken ƙarfe mai feda da tayoyin gefe, irin wanda maigida ke so, sau da yawa yakan kai kilo 8. Ga yaro mai kilo 12, wannan daidai yake da a ba mutum mai kilo 70 keke mai kilo 47, kusan buhun siminti, a ce masa ya koyi hawa. Yaro yana bukatar ya iya tayar da kekensa da kansa in ya faɗi, ya juya shi, ya ja shi ya haye dokin ƙofa. Kuma ranar da ya gaji a hanya ya ce a ɗauke shi, ke ce za ki saɓa shi a kafaɗa ki riƙo keken da ɗaya hannun.

Nauyin ya danganta da abin da aka ƙera shi da shi. Na alminiyam ya fi sauƙi kuma ba ya tsatsa, sai dai tsada. Na ƙarfe ya fi araha, mai walda kuma zai iya kama shi in ya karye, amma a ɗaga a ji, don wasu sun yi nauyi ƙwarai. Na katako kyakkyawa ne a ido, ni dai ba na ba mutanenmu shawararsa: in damina ta same shi a waje katakon ya kumbura ya ɓaɓɓare, in an jingine shi a ɗakin ajiya gara ta leƙa shi, sirdinsa kuma ramuka uku ko huɗu ne kawai, ba ya tsayawa a tsakani. Na roba zalla rana ce ke kashe shi, ya bushe ya tsage.

Taya iri biyu ce, kuma nan sai kin dubi gidanku. Akwai ta soso mai tauri wadda ba a sa mata iska, akwai ta iska mai tif a ciki irin ta kowane keke. Ta soso ba ta da nauyi, ba ta faci, ba ruwanki da famfo. Aibinta ba ta shanye girgiza, kowane dutse sai yaro ya ji shi a jikinsa, tana santsi a kan tayil in ya jiƙe, kuma in ta cinye sai dai a canza ƙafar keken gaba ɗaya, in an samu. Ta iska ta fi kama ƙasa, ta fi laushi, ta fi daɗin tafiya a layin da ba kwalta, amma tana ƙara nauyi, kuma duk inda tsidau ke fitowa kin zama abokiyar cinikin mai faci. In tsakar gidanku siminti ne ko intalok, kuma nan zai fi hawa, ga ɗan shekara biyu ta soso ta wadatar. In ƙasa ce da tsakuwa, ki ɗauki ta iska, ki kuma zaɓi inci 12, don tif ɗinta ana samunsa wurin kowane mai gyaran keke, na inci 10 kuwa sai an sha nema. Ki dubi bakin da ake sa iska ma. A ƙaramar taya wurin a matse yake, in bakin a miƙe yake wani famfon ba ya shiga, mai lanƙwasa ya fi. Yashi mai zurfi kuwa ba wadda ke shigarsa a cikinsu.

Birki bai dame ni ba a wannan shekarun. Hannun ɗan shekara biyu bai kai ya matse birki ba, hankalinsa ma bai kai ya tuna da shi ba a lokacin da ake bukata. Da ƙafa zai tsaya. Wajen shekara uku zuwa sama ne birkin hannu ke fara amfani, musamman ga waɗanda ke zaune a gari mai gangara irin Jos. In kin sami mai birki kuma nauyinsa bai wuce ba, to madalla, zai koya kafin ya hau mai feda. Ki gwada shi da ƙaramin yatsanki kaɗai. In bai matsu da shi ba, ado ne kawai.

Sai ƙananan abubuwan da ido ba ya kai wa sai an sa hannu. Ki ɗaga keken ki juya kowace taya. Ta daɗe tana juyawa shiru, ba tangaɗi. Ki kama ta ki girgiza gefe da gefe, kada ki ji tana ƙwas-ƙwas. Ki tambaya ko boris ne a ciki ko roba. Na taɓa karɓar kaya daga wani dila saboda araha, kekuna masu kyan fenti, ashe tayoyin a kan zoben roba suke juyawa. Hunturu ɗaya ƙura ta shiga ta cinye robar, iyaye suka riƙa dawo min da su tayoyi na rawa kamar za su fice. Na mayar wa mutane kuɗinsu, kuma tun daga ranar ba na karɓar keken yara sai na kwance taya ɗaya na ga cikinta. Ki shafa hannu a kan notocin da suka riƙe tayar baya. In sun turo waje da kaifi, idon sawunsa za su riƙa yanka duk takun da ya yi. Ki dubi robar da ake riƙewa a kan keken, ya zama tana da ƙulli mai kauri a ƙarshe, don in ya faɗi bakin bututun ƙarfe ne ke fara samun ciki ko fuska. Wasu kekunan suna da wurin ɗora ƙafa. In a ƙarƙashin sirdi yake a ɓoye, ba laifi, in kuwa ya fito gefe kamar fuka-fuki, sha-raɓarsa zai riƙa bugu. Tsakiyar keken kuma ya zama ƙasa-ƙasa yadda zai iya ƙetarawa ba sai an ɗaga shi ba.

Ki bar masu fitila da kiɗa da kwando da madubi. Duk nauyi ne, kuma su ke fara lalacewa. Haka ɗan ƙaramin nan mai taya huɗu da ake sayarwa da suna iri ɗaya. Abin wasa ne mai kyau ga ɗan shekara ɗaya, amma ba ya karkata, don haka ba ya koyar da abin da muke magana a kai, ɗanki ma ya wuce shi.

A kasuwa da sunan Turanci za ki ji ana kiransa, balans baik. In da hali ki tafi da yaron da tef ɗinki, ki tafi da maigida ma, gani ya kori ji. Kada ki raina gwanjo. A nan ake tsintar na kamfanonin kirki da yaran Turai suka girme wa, kuma tsohon Puky ko Strider mai lafiya ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Sai dai a duba wuraren walda ko akwai tsaga, a tsaya ta gaba a ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, a kwance sirdi a ga yana hawa yana sauka, don wani tsatsa ta riga ta kama sandar. A jikin sandar akwai zane da ke nuna iyakar inda za a ɗaga, kada a wuce shi. In ta intanet za ki saya, Jumia ne ko Jiji ko masu talla a WhatsApp, hoto ba ya nuna girma. Ki ce mai kayan ya sauke sirdin ƙasa gaba ɗaya, ya kafa tef daga ƙasa zuwa samansa, ya ɗauko miki hoto, ya kuma faɗa miki kilo nawa ne. Wanda ya ƙi yin wannan ki bar masa kayansa. Tambarin CE, alamar cika ƙa'idar Turai, da ake bugawa a kwali yana da kyau a gan shi, amma buga tambari ba wuya, hannunki da idonki sun fi shi.

Cikin kuɗin da kuka ware, ku cire na hular kwano tun farko. Na san a unguwa za a yi ta kallo, wani ma ya yi dariya wai ɗan tatsitsi da hular 'yan acaɓa. Ku bar su. Kan ƙaramin yaro yana da girma da nauyi a kan jikinsa, shi ya sa in ya faɗi kan ne ke riga isa ƙasa, kuma siminti ba ya tausayi. Ki zagaya tef a kansa ta saman gira, a shekarunsa za ki samu wajen santimita 47 zuwa 49, ki sayi hular da awon ya faɗa cikinta. A cikinta ki nemi takardar da aka rubuta EN 1078 ko CPSC, alamar cewa ta cika ƙa'idar ingancin hular kwano. Ta zauna daidai a kai, ba ta koma ƙeya ba, tsakaninta da gira yatsa biyu, igiyar haɓa kuma yatsa ɗaya ya shiga. Ita kam ban yarda da gwanjonta ba, don hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba. Masu 'ya'ya mata su gwada ta a kan irin kitson da yarinyar ta saba, don ƙulli da duwatsun ado suna hana ta zama. Da ya sauka daga keke a cire masa, kada ya hau bishiya ko lilo da ita, igiyar na iya maƙalewa ta shaƙe shi.

Takalmi rufaffe, ba silifas ba, ba kuma ƙafa tsirara ba, tunda da yatsun ƙafa zai ja birki. Riga da wando, ban da jallabiya da doguwar riga da dogon hijabi, don tayar baya na kama su. In keken ya wuni a rana, ki taɓa sirdin da hannunki kafin ya zauna.

Ki zagaya gidan da idon yaro kafin ranar farko. Rijiya a rufe take? Murhu da tukunyar da ke kan wuta suna ina? Kwata fa, da matakala? Abin da ya fi tayar min da hankali ƙofar gida ce da mota. Da zarar yaro ya gane keken nan, gudunsa ya fi saurin tafiyarki, kafin ki ajiye abin da ke hannunki ya fice zaure ya faɗa layi, ga babura ga Adaidaita Sahu. Mai mota kuma in yana ja da baya ba ya ganin yaro a wannan tsayin ko kaɗan. Ku kafa doka a gidan, ba a tayar da mota sai an ga yaron a hannun wani. Titi kuwa ba wurin wannan keken ba ne sam.

Koyarwar ba ta da yawa, mafi yawanta haƙuri ne. Kada ki riƙe masa kan keken, in kin riƙe ke ce ke daidaitawa, shi fasinja ne. In yana jin tsoro ki ɗora hannu a bayansa ko kafaɗarsa kawai. Da farko ba zai ma zauna ba, zai tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa yana takawa da shi kamar agwagwa. Ki ƙyale shi. Daga nan zai fara zama yana takawa, sai takun ya yi tsawo, sai gudu. 'Yata ta kusa wata guda ba ta hau nata ba, jansa kawai take yi a tsakar gida kamar akuya, tana ɗora masa 'yar tsanarta, har mahaifiyarta ta fara cewa na yi asara. Wata rana bayan la'asar ina zaune a dakali, ta taho daga bakin zaure inda simintin ya ɗan gangara, sai kawai na ga ta ɗage ƙafafu biyu. Bai fi taku huɗu ba keken ya tafi da ita, ta zaro ido, bakin a buɗe, ta taka ƙasa ta waiwayo ta ce, "Baba, ka gani?" Ta koma ta sake, ta sake, har aka kira magariba. Wani yaron mako ɗaya ya ishe shi, wani sai wata uku. Minti goma ko sha biyar a rana ya wadatar, da safe ko in rana ta yi sanyi, in ya ce ya gaji a bar shi. In kuwa kin lura kullum yana jan ƙafa ɗaya, ko yana ɗingishi, ko faɗuwarsa ta yi yawa ko a ƙasa ba keke, wannan ba maganar keke ba ce, ki kai shi likitan yara ya duba.

Ki sa ido a kan yayyensa da yaran maƙwabta. Yawancin kekunan nan iyakar abin da suke ɗauka kilo 25 ne ko ɗan sama da haka, kuma rabin waɗanda ake kawo min a karye ba mai keken ne ya karya ba, wani ɗan shekara takwas ne ya haye ya gangara da shi. Duk bayan wata biyu ko uku ki sake duba zamansa, in gwiwa ta lanƙwashe da yawa a ɗaga sirdi kaɗan, a bi notoci a ɗaure.

In akwai babban yaro a gidan, ɗan shekara huɗu ko biyar, da har yanzu yake fama da tayoyin gefe, ba sai an saya masa sabo ba. A cire tayoyin gefen, a cire fedojin da sifana mai lamba 15, a sauke sirdi har ƙafarsa ta kwanta a ƙasa, ya zama mara feda. A tuna fedar hagu zarenta a juye yake, ɓangaren da ake ɗaure sauran notoci nan ake kwance ta, mutane da yawa sun lalata zare a nan. Wannan dabarar ba ta yi wa ɗan shekara biyu, don keken ya yi masa nauyi kuma sirdin ba ya sauka yadda ake so.

Ranar da kika ga ɗanki yana ɗage ƙafa ya yi nisa, yana shan kwana ƙafafu a sama, yana tsayawa inda ya ga dama, to ya isa hawa mai feda, sau da yawa tsakanin shekara uku da rabi da biyar. A nan maigida zai sayo nasa zaɓin, inci 14 ko 16 gwargwadon tsayin yaron, a ce wa mai shago ya riƙe tayoyin gefensa. 'Yata da yamma ɗaya ta kama feda, ban ko yi gudu a bayanta ba. Shi kuma ƙaramin a wanke shi, a shafa ɗan man inji a sandar sirdi da notoci, in tayar iska ce a rataye shi kada ya zauna a kanta, a sama masa inuwa har ƙaninsa ya fara gudu.